Kun Tambaya, Mun Amsa: Haɗa na'urorin sarrafa ƙananan jiragen ƙasa a dogo ɗaya

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya: mutum ya tara kayan ƙananan jiragen ƙasa na tebur daga kamfanoni daban-daban, wasu sababbi wasu na hannu, yana son su yi aiki tare. Ga sababbin masu karatu, sunaye huɗu ne za su riƙa maimaituwa. Uwar na'ura ita ce mai tsara umarni. Busta shi ke ƙara wa umarnin ƙarfi ya zuba shi a dogo. Dikoda ɗan allon lantarki ne da ke cikin kan jirgi, yana sauraron adireshinsa. Na'urar hannu kuwa ita direba ke riƙewa.

Ina da Digitrax Zephyr, abokina yana da na'urar Lenz. Duka biyun DCC ne. Za mu iya jona wayoyinsu a dogo ɗaya, kowa ya tuƙa nasa jirgin? Mai karatu daga Kaduna

A'a, Malam, kada ku gwada ko na daƙiƙa ɗaya. Kasancewarsu DCC duka, wato suna bin tsari ɗaya na aika umarnin dijital ta dogo, yana nufin dikoda ɗaya zai fahimci kowaccensu. Ba ya nufin su biyun za su iya magana lokaci guda.

Dalilin yana cikin yadda saƙon yake tafiya. A tsarin DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya kafa tushensa kuma ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990, wutar dogo ita ce saƙon. Wutar tana juya fuska tsakanin ƙarfen dama da na hagu sau dubbai a daƙiƙa. Idan rabin juyi ya ɗauki maikrosakan 58, dikoda ya karanta 1. Idan ya ɗauki 100 ko fiye, ya karanta 0. Kowace uwar na'ura da nata agogon da nata jerin saƙonnin. A daidai lokacin da ɗaya ta ɗaga ƙarfen dama, ɗayar tana iya sauke shi, sai su zama suna tura wuta cikin juna. Idan an yi sa'a, kariyarsu ta yanke wuta. Idan ba a yi ba, ɓangaren fitar da wuta na ɗaya ya ƙone. Ba a sarki biyu a gari ɗaya: duk dogon da wuta ke ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan, uwar na'ura ɗaya ce tak za ta yi magana a kansa.

Mutane da yawa suna zaton yanka dogo da sa mahaɗin roba ya wadatar. Ya wadatar muddin babu abin da zai tsallaka. Da zarar kan jirgi ya hau kan yankan, ƙafafunsa na gaba suna ɓangaren Lenz na baya suna ɓangaren Digitrax, siraran wayoyin cikinsa sun zama gada tsakanin na'urorin biyu. Idan ƙarfe ɗaya kaɗai aka tsallake, dikoda na iya ganin wutar da ta kusa ninka bolt 14 ko 15 ɗin da aka saba sa wa ma'aunin HO, wato ɗaya daga cikin girman da ake ƙera ƙananan jiragen a kai.

Mafita mafi sauƙi ita ce ku zaɓi ɗaya ta yi mulki. Dukan jiragenku za su amsa mata, tunda yarensu ɗaya. Abin da za a rasa shi ne na'urar hannun ɗaya ɓangaren, domin ta Digitrax tana magana ta layin LocoNet, ta Lenz kuma ta XpressNet. Idan kowa ya nace sai tasa na'urar hannun, akwai uwayen na'ura masu karɓar duka biyun. Baƙar Z21 ta kamfanin Roco tana da ramin LocoNet da na X-Bus, wanda shi ne XpressNet da wani suna. Fara z21 ba ta da LocoNet, a lura da wannan kafin a biya kuɗi. ECoS ta kamfanin ESU kuma tana da mashigar da ake kira ECoSniffer: ana cire wayoyin dogo na tsohuwar na'ura daga dogon gaba ɗaya a jona su nan, ECoS ta saurari abin da take faɗa ta maimaita shi a nata dogon. Hanyar mai fuska ɗaya ce, tsohuwar na'urar hannu ba za ta san abin da wani direba ya canza ba.

Idan kuwa dole kowace na'ura ta riƙe nata yankin kuma jirgi ya riƙa wucewa, to a gina sashen miƙa jirgi. A yanka ƙarfen dogo biyun a wurare huɗu, yanka takwas ke nan, domin a sami sassa uku a jere: mai gadi na farko, tsakiya, mai gadi na biyu. Tsakiyar ta fi jirginka mafi tsawo da aƙalla santimita 20. Kowane mai gadi ya fi kan jirgi mafi tsawo, a ƙara masa kamar santimita 30, domin kawunan jirgi masu kafasitar ajiyar wuta suna ci gaba da tafiya daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan wuta ta yanke. A samo makunni mai sanda huɗu, fuska biyu, mai wurin kashewa a tsakiya. Sanda biyu su kawo wa tsakiyar wuta daga Lenz ko daga Digitrax. Sauran biyun su ɗauki wutar tsakiyar su kai wa mai gadin da ke gefen da makunnin ya fuskanta kaɗai, ɗaya mai gadin ya zauna a mace. Jirgi ya shiga tsakiya duka, ya tsaya cik, a juya makunni, direba na biyu ya karɓa. Idan direba ya yi sakaci ya zarce, jirginsa zai tsaya a kan mataccen mai gadi kafin ya kai ga ɗaya na'urar. A tabbata gudun jirgin yana sifili a na'urorin biyu kafin a juya makunnin, in ba haka ba zai zabura da tsohon umarnin da na'ura ta biyu take riƙe da shi.

Na sayi tsofaffin kawunan jirgi na Märklin a kasuwar kayan hannu, na kuma sayi sababbi masu DCC. Na'urata Mobile Station 2 ce. Ɗaya daga cikin sababbin yana ƙin amsa adireshin da na ba shi, wani tsoho kuma fitilarsa tana ƙyaftawa. Mai karatu daga Hambug

Tambayarka ta bambanta da ta sama, kuma amsarta mai daɗi ce. Yare da yawa suna iya zama a dogo ɗaya idan baki ɗaya ne yake furta su. Mobile Station 2 da Central Station 2 da 3 na Märklin suna aika yare uku bi da bi: Motorola, wanda Märklin ta fara da shi a tsakiyar shekarun 1980 da adireshi 80 da matakan gudu 14, sai mfx na 2004 wanda jirgi ke gabatar da kansa ga na'ura, sai DCC. ECoS da Intellibox ta Uhlenbrock kuma suna iya aika Selectrix, tsarin da Trix ta fito da shi a 1982. Kowane dikoda ya tsinci nasa ya ƙyale saura.

Kafin komai, a duba dogon. Na Märklin HO yana da ƙananan ƙusoshi a tsakiya, kan jirgi yana ɗaukar wuta daga gare su da takalmin ƙarfe, ƙarfen dama da na hagu kuma gefe ɗaya ne na wuta. Kan jirgin da aka yi don dogo mai ƙarfe biyu ba zai motsa a kansa ba ko wane dikoda ne a cikinsa. Na Märklin kuma idan aka ɗora shi a dogo mai ƙarfe biyu, ƙafafunsa da ba a raba ba za su haɗe wutar nan take. Wannan matsalar gini ce, babu saitin da ke gyara ta.

Sabon kan jirgin da ke ƙin amsawa, mai yiwuwa dikodansa mai jin yare da yawa ne. Irin waɗannan suna fifita mfx a kan DCC, DCC a kan Motorola. Idan ya riga ya gabatar da kansa ta mfx, zai yi kunnen uwar shegu da adireshin DCC ɗin da ka rubuta masa. Duba jerin jiragen da ke cikin na'urar, za ka same shi a can da sunan da kamfani ya sa masa. Idan ka fi son DCC, ka kashe sauran yarukan a cikin dikodan. A LokPilot 5 da LokSound 5 na ESU, CV47 ke riƙe da wannan (CV gurbin saiti ne mai lamba a cikin dikoda): DCC 1, M4 (sunan da ESU ke kiran mfx) 2, Motorola 4, Selectrix 8. Daga kamfani yana zuwa da 15, wato duka a kunne. Rubuta 1, ya zama DCC kaɗai yake ji. A dikodojin Märklin na zamani CV50 ne ke wannan aikin.

Shawararmu ita ce kowane dikoda a bar masa yare ɗaya, kuma a kashe masa komawa tsohon tsarin da ba na dijital ba. A CV29, ƙima 4 ce ke ba shi wannan izini. Wanda ke da 6 a mayar da shi 2. Yawancin labaran jirgin da ya zabura da gudu shi kaɗai lokacin kunna wuta daga nan suke: dikodan bai ji saƙon da ya gane ba na ɗan lokaci, ya ɗauka wutar da ke dogo umarnin gudu ce.

Batun fitila kuwa, a tsofaffin kawunan Märklin wutar fitila tana komawa ta jikin ƙarfen jirgin, don haka rabin juyin wutar kawai take samu, kuma tsawon wannan rabin yana canzawa da saƙon da ke wucewa. Idan yaruka sun cakuɗa, ƙyaftawar ta ƙaru. Babu lahani a ciki. Maganinta shi ne a raba mazaunin ƙwan da jikin jirgin, a mayar da wutarsa ta wayar dikoda ta komawa, idan dikodan yana da ita. Tsofaffin dikodojin Motorola irin c80 da Delta suna kuma kula da fuskar waya: ja zuwa ƙusoshin tsakiya, ruwan ƙasa zuwa ƙarfen gefe. Kuma kada a kashe Motorola a uwar na'ura alhali suna kan dogo, domin wasunsu za su tashi da gudu.

Abu ɗaya da ake biya a wannan zaman tare shi ne lokaci. Gajeren saƙon DCC yana cin kusan milisakan 6 zuwa 7, kuma kowane yare yana jiran layinsa. Yaren da babu jirgin da ke jin sa a kashe shi a uwar na'ura, a kuma goge jiragen da ba sa kan dogo daga jerin da take maimaitawa.

Filogin na'urar hannuna ta NCE ya shiga ramin LocoNet daidai. Yana nufin za su yi aiki? Mai karatu daga Zariya

Zare shi, Malama. Filogin irin na wayar tarho ne mai fil shida, kamfanoni da yawa suna amfani da shi, amma abin da ke kan kowane fil ya bambanta. A LocoNet fil na 2 da na 5 duka ƙasa ne, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, na 3 da na 4 saƙo, na 1 da na 6 suna ɗauke da kwafin siginar dogo. A layin NCE da XpressNet, fil na 2 ƙasa ne, na 5 kuma bolt 12. Haɗa layukan biyu yana nufin kai bolt 12 kai tsaye ƙasa. Power Cab ta NCE ta ma fi haɗari, domin wutar dogo kanta tana bi ta fil na 1 da na 6. Haka abin yake da layin CAN: Märklin da ZIMO da ESU duk suna amfani da shi, amma ba sa jin maganar juna kai tsaye. A liƙa wa kowace waya takarda mai sunan layinta a bakin filogi biyun.

Uwar na'urata tana ba da amfiya 3, jiragena masu sauti sun kai takwas, wuta tana yawan yankewa. Na sami busta na wani kamfani da araha. Zai yi? Mai karatu daga Yamai

Zai iya yi, domin busta ba ya ƙirƙirar umarni, maimaita na uwar na'ura yake yi. Tambayar ita ce ta wace ƙofa zai karɓa. Ƙofar da ta fi yaɗuwa ita ce CDE ta Lenz: C da D suna kawo sigina, E yana mayar da labarin haɗewar wuta domin uwar na'ura ta tsayar da komai. Bustocin Digitrax suna karɓa ta fil na 1 da na 6 na LocoNet, Roco tana da B-Bus, tsofaffin na Märklin suna da filogi mai fil biyar. Wasu bustocin suna da ƙofa fiye da ɗaya. Kada a jona wayar dogo a mashigar busta sai littafinsa ya ce mashigar tana ɗaukar wannan wutar.

Yankin bustan a raba shi da mahaɗin roba a ƙarfe biyun, a kowane wurin da ya haɗu da maƙwabcinsa. Kafin jirgi ya taka, a sa mita a awon wuta mai juyawa, a ɗora tsinke ɗaya a ƙarfen dama kafin yankan, ɗaya a ƙarfen dama bayan yankan. Idan fuskokin sun dace, za a ga kusan sifili. Idan an ga adadi mai yawa, a musanya wayoyin da ke fita daga bustan. Sannan a daidaita ƙarfin wutar yankunan biyu, bambancin kada ya wuce rabin bolt, in ba haka ba jirgi zai riƙa canza gudu a kan iyaka, kuma mai ƙarfin zai riƙa tura wuta cikin ɗan'uwansa ta ƙafafun jirgi. Kowane busta da nasa abin ba da wuta. Game da wayar da ke haɗa ƙasan bustoci, a bi littafin kamfanin: Digitrax da NCE suna buƙatar ta mai kauri, wasu na'urorin Turai kuma sun hana ta.

Inda masu sayen busta mai araha suka fi tuntuɓe shi ne RailCom, hanyar da dikoda ke aika bayani zuwa uwar na'ura. Domin dikoda ya mayar da magana, busta yana yanke wutar dogo na kusan rabin milisakan bayan saƙo. Idan uwar na'ura tana yin wannan yankan amma baƙon busta ba ya yi, duk lokacin da jirgi ya tsallaka iyaka ɗaya yana tura wuta ɗayan yana riƙe da dogon a rufe. Ko dai dukan bustocin su yi yankan, ko a kashe RailCom a ko'ina. Idan kuma akwai jiragen mfx, ba kowane busta ke mayar da maganarsu ga uwar na'ura ba, sai a bar su su gabatar da kansu a yankin da take ciyarwa da kanta.

Kafin ka kashe kuɗi, duba wayarka. Babbar waya a ƙarƙashin tebur ta kai murabba'in milimita 1.5 zuwa 2.5, ƙananan rassa na 0.5 su hau zuwa dogo kusan kowace mita, a like su da dalma. Ɗora kwabo a kan ƙarfe biyun a wuri mafi nisa: idan wuta ba ta yanke nan take ba, wayar ta yi siriri. Kuma kan jirgin HO guda yakan ci kusan rabin amfiya yana tafiya. Idan yankewar tana faruwa ne lokacin kunnawa kawai, kafasitocin jiragen sauti ne ke zuƙar wuta gaba ɗaya. Ajiye rabinsu a layukan da ke da makunnin kashewa ya kan magance wannan.

Na kai kan jirgina mai lamba 110 gidan wani, ya ƙi motsi. Da na koma Roco kuma, makarkatar dogo ta 1 ta koma amsa 5. Mai karatu daga Accra

Ƙa'idar DCC tana da gajeren adireshi, 1 zuwa 127, a CV1, da dogon adireshi a CV17 da CV18. Kamfanoni sun saɓa a kan inda ɗaya ya ƙare. Digitrax tana aika 1 zuwa 127 a matsayin gajere. Lenz tana tsayawa a 99, daga 100 ta aika dogo. NCE tana barin ka zaɓa, sifili a gaba yana nufin dogo. Ga dikoda, 110 gajere da 110 dogo mutane biyu ne daban. Mai yawo da jirginsa ya guji 100 zuwa 127. Idan dole sai 110 a na'urar Lenz, a rubuta 192 a CV17, 110 a CV18, a ƙara 32 a kan abin da ke CV29, misali 2 ya zama 34.

Na makarkatu kuwa, wato wuraren da ake karkatar da jirgi daga wani layi zuwa wani, ana ƙirga su rukuni-rukuni, huɗu a kowane rukuni. Roco ta fara ƙirga daga rukuni na sifili, Lenz da ESU da mafi yawan saura daga na ɗaya, shi ya sa aka sami tazarar huɗu. A manhajar saitin Z21 ta kwamfuta akwai zaɓin bin ƙa'idar RCN-213. Kunna shi, lambobin su koma yadda ka san su.

Tsohuwar uwar na'urata tana nan lafiya. Sai dai in ajiye ta a kwali? Mai karatu daga Maraɗi

Ko kusa. Aiki biyu suna jiran ta, kuma duka biyun suna kyautata shimfiɗar.

Na farko, ba ta makarkatu da fitilun sigina na gefen dogo. A ja mata tata wayar daban wadda ba ta taɓa dogo ko kaɗan, a jona dikodojin makarkatu a kai. Ribar a fili take: jirgi ya shiga makarkatar da ba a juya masa ba, wutar dogo ta yanke, amma makarkatar tana da wuta, sai a juya ta a ci gaba. A kula da makarkatun Märklin masu dikoda a ƙarƙashinsu, waɗanda ke shan wuta daga dogon da suke ciki. Sai an raba su da dogon kafin a kai su sabuwar wayar. Haka na'urorin gano inda jirgi yake: suna zaune a kan wutar dogo, saboda haka idan za su kai labari ga wata na'ura daban, a zaɓi masu raba ɓangarorin biyu da haske ko masu zoben da waya ke ratsawa.

Na biyu, ba ta guntun dogo na saita dikoda a kan benci, tsawon santimita 50, wanda bai haɗu da komai ba.

Wurin da na'urori biyu ke iya gamuwa lafiya shi ne kwamfuta. JMRI, manhaja ce ta kyauta da ke aiki har a kan Raspberry Pi, tana karɓar haɗi fiye da ɗaya lokaci guda, tana bambanta su da harafi: LT12 makarkata ta 12 a LocoNet, XT12 ta XpressNet. Rocrail da iTrain ma suna yin haka. Ta JMRI kowa zai iya tuƙi da wayar salularsa da Engine Driver ko WiThrottle, wanda ya kan kashe gardamar na'urar hannu gaba ɗaya.

An ce a ma'aunin O na Amurka ana haɗa Lionel da MTH a dogo ɗaya. Ashe ba ku ce ba a yi ba? Kuma kayan da aka aiko mini daga can, zan iya sa su a soket ɗinmu? Mai karatu daga Kano

Gaskiya aka gaya maka, kuma bai saɓa wa abin da muka faɗa ba. A can wutar dogo daban take, bolt 18 mai juyawa daga taransfoma, saƙon kuma ɗora shi ake yi a kai. TMCC da Legacy na Lionel suna aika siginar rediyo mai kilohaz 455 ta ƙarfen gefe, da waya ɗaya tak. DCS na MTH yana ɗora nasa ta akwatin TIU a wani zango daban, don haka ba sa karo. DCS ya fi son kowane sashe ya sami tagwayen wayarsa daga wuri ɗaya, Lionel kuma tana dogara da wayar ƙasa ta ginin, filogi mai ƙafa uku a soket mai ƙasa ta gaske. DCC da DCS kam ba sa zama tare a dogo. Kawunan MTH masu Proto-Sound 3 suna jin kowannensu, amma ɗaya bayan ɗaya.

Game da soket, karanta abin da aka rubuta a jikin kowane abin ba da wuta. Mai 100 zuwa 240 zai yi, filogi kawai za ka canza. Taransfomar da aka rubuta wa 120 kaɗai za ta ƙone a wutar 230, tana buƙatar mai rage wuta wanda ƙarfinsa ya fi nata da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu, mai wucewa da wayar ƙasa. Wutar Amurka tana juyi 60 a daƙiƙa, tamu 50, don haka taransfomar da aka rubuta wa 60 kaɗai za ta fi zafi ko da an rage mata wuta, wasu masu allon lantarki a ciki ma ba sa aiki daidai. Idan za a koma janareta, a kashe uwar na'ura da bustoci tukuna, a bar wutar ta zauna minti ɗaya ko biyu, sannan a kunna bustoci da uwar na'ura bisa jerin da littafinsu ya nuna, maɓallin wutar dogo a ƙarshe.